Ruwa, Albasa da Cokali

Mu mutanen Tsaskiya ba ma gudun wanda ya faɗi. Wannan kam ko wanda ba ya ƙaunarmu zai shaide mu. Mutum ya yanke jiki ya faɗi a bakin kasuwa, kafin ka ce kwabo an zagaye shi. Mai garuwa ya sauke garuwarsa, mahauci ya bar teburinsa, tela ya taso da almakashi a hannu bai ma san yana riƙe da shi ba. Wannan na cewa a kawo ruwa a sheƙa masa, wancan na cewa a matse albasa a hanci, wani kuma tuni ya tura yaro gida ya ɗauko cokali kada ya tauni harshensa. Ga mai fifita da hula, ga mai tofi, ga masu salati. Duk da zuciya ɗaya muke yi, haka muka taso muka tarar, kuma ina alfahari da wannan hali namu. Akwai garuruwan da mutum zai faɗi a titi a riƙa ratsa shi ana wucewa.

Abin da ya tayar da zancen shi ne ɗan wani maƙwabcina. Yaron ya karanta aikin lafiya a makarantar Kankiya, ya gama, aikin gwamnati bai samu ba, sai yake taya wani mai kemis zama. Ran nan bayan la'asar ya zo majalisarmu ta gindin bedi, ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce yana neman shawara da albarka. Sana'a yake so ya buɗe. Muka ce madalla, kemis ne ko cajin waya? Ya ce a'a, koyar da agajin gaggawa zai riƙa yi: yadda ake tsai da jini, yadda ake yi da wanda ya ƙone ko ya shaƙe ko ya nutse, da yadda ake danna ƙirjin wanda numfashinsa ya ɗauke, abin da likitoci ke kira CPR. Kuma duk mai son koyo zai biya wani abu.

Mai shayi ne ya fara ajiye ludayinsa.

"Kai yaro, agajin ma yanzu sayar da shi ake yi?"

Aka yi dariya, amma tambayar ba ta wasa ba ce, don ta fito daga inda dukkanmu muke. A wurinmu kalmar agaji tana da riga, kaki ce da bel da hula. 'Yan agaji muka sani, na Jama'atu Nasril Islam da Sardauna ya kafa a 1962, da na Fityanul Islam, da na Izala tun bayan kafuwarta a Jos a 1978. Su ne a filin idi, su ne a wurin wa'azi da maulidi, su ne a sansanin alhazai, su ke ɗaukar tsohon da rana ta buga su kai shi inuwa, ba wanda ya taɓa ganin sun miƙa hannu a ba su ko sisi. Don haka idan Bahaushe ya ji an haɗa agaji da kuɗi, sai ya ji kamar an ce a biya kafin a amsa sallama.

Wanzamin unguwarmu, wanda ya girme mu duka, shi ya juya maganar. Ya ce shi tun yana saurayi yake ƙaho da kaciya da cire hakin wuya, bai taɓa jin an ce don aikin taimako ne kada a sallame shi ba. Maɗori idan ya ɗora karaya ana kai masa abin da ya sawwaƙa. Ungozoma tana da rabonta ran suna. Malamin allo ma akwai kuɗin Laraba. Ya ce, "Ɗana, wanda ya faɗi kam ba za ka tambaye shi kuɗi ba, Allah ya kiyaye. Amma mai lafiya da ya zo ya zauna ya kwashi ilimin da ubanka ya sayar da awaki ka samo, wannan ya biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa."

Ni ina bayan wanzami, kuma dalilina ba na tausayin yaron kaɗai ba ne. Mun sha ganin abin kyauta a ƙasar nan. Wata ƙungiya za ta zo da farar mota, a tara mutane yini ɗaya, a raba lemo da kuɗin mota, a ɗauki hoto, a tafi. Bayan wata biyu ka tambayi wanda ya je me aka koya, sai ya sosa ƙeya. Shi kuwa wannan aikin na hannu ne, kamar saƙa ko tuƙin babur, idan ba a maimaita shi yakan zube. Sai da mutumin da ke zaune a gari, wanda abincinsa ya rataya a kan aikin, wanda za ka tare a hanyar masallaci ka ce ya sake nuna maka. Irin wannan mutum kuwa dole ya ci tuwo.

Da ya ga an sassauta, sai yaron ya ce mu ba shi izini ya gwada mana. Ya koma gida ya dawo da wani abu a kafaɗa, buhun taki ne da ya cusa wa ƙaiƙayi, a tsakiya ya sa jarkar roba marar komai da murfinta a rufe, ya sanya masa tsohuwar riga. Ya ce 'yar tsanar da ake koyo da ita a asibitoci tana da tsada, ba zai iya sayenta yanzu ba. Wani mai yin kayan wasan yara ne a Nowe, Asmund Laerdal, ya fara ƙera ta a 1960, a shekarar da wasu masana uku a asibitin Johns Hopkins na Amurka suka bayyana cewa danna ƙirji daga waje yana iya tura jini ya zagaya jiki ko da zuciya ta tsaya. Wanzami ya lissafa da yatsu ya ce ashe dabarar sa'ar 'yancin kan Nijeriya ce, shi ya girme ta.

Ya shimfiɗa buhun a ƙasa, ya durƙusa a gefensa. Ya ce da farko ka dafa kafaɗar mutum ka kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, ka dubi ƙirjinsa, yana hawa yana sauka? In ba ya numfashi, ko kuwa sai wani irin gurnani jefi-jefi kamar mai shaƙuwa, to lokaci ya fara ƙurewa, don ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da minti huɗu zuwa shida ba tare da ta fara lalacewa ba. Ya ɗora tushen tafinsa a tsakiyar ƙirjin rigar, ya ɗora ɗaya hannun a kai, ya miƙe gwiwoyin hannuwansa, ya shiga dannawa da nauyin jikinsa. Jarkar tana lotsawa tana dawowa, ɓaf, ɓaf, ɓaf. Ya ce ƙirjin babba sai ya nutsa kamar santimita 5 zuwa 6, kuma a yi sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Dannawa 30, hura iska a baki sau 2, a koma.

Wani ɗan acaba da ya tsaya kallo ya karɓa. Ya fara a hankali kamar mai lallashin jariri. Yaron ya ce, "Yaya, da ƙarfi, kuma da sauri. Ka san sautin turmi in mata biyu suna daka tare, wannan ta ɗaga wannan ta sauke? To haka." Nan take hannunsa ya kama. Bai cika minti biyu ba gumi ya jiƙa masa riga, ya ɗago yana haki ya ce ashe aikin ƙarfi ne. Shi ya sa, in ji yaron, ake son mutum biyu ko uku su iya, suna karɓar juna.

Maganar hura iska ce ta kawo ƙyanƙyami. Wani dattijo ya ce shi fa ba zai sa bakinsa a bakin ƙato ba. Yaron bai yi masa musu ba. Ya ce, "Baba, in babba ne ya faɗi nan take, danna ƙirjin kaɗai ma ya fi tsayawa kallo nesa ba kusa ba. Amma in jikanka ne aka tsamo daga kududdufi, iska ce ta yanke masa, sai an hura." Dattijon ya yi shiru. Kowa a majalisar ya san gidan da damina ta taɓa yi wa wannan ɓarna. Mu kuwa abin da muka saba shi ne a kife yaro, a riƙa matsa cikinsa ko a ɗaga shi ta ƙafafu wai ruwan ya fito, mintunan da ya kamata a ba shi iska su tafi a nan.

Daga nan fa sai hira ta ɓarke, kowa yana kawo abin da muke yi, yaron yana warwarewa. Ƙuna? Mu ɗanyen ƙwai muke fasawa, ko man goge baki, ko manja, wani ma baƙin mai na inji. Ya ce ruwa mai sanyi kawai, a yi ta kwararawa har minti 20, sannan a rufe da tsumma mai tsabta. Farfaɗiya? Cokalin nan da muke turawa haƙora yake karyawa, mutum ba ya haɗiye harshensa. A kawar da wuta da duwatsu daga kusa da shi, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Kuma yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, duk da mun taso ana hana mu tsallakawa. Wanda ya suma, kada a ɗura masa ruwa ko fura, huhu za su tafi. Wanda tsawa ta faɗa wa, ba sai an jira an nemo madara ba, taɓa shi ba ya cutar da kowa, kuma yana cikin waɗanda danna ƙirji ya fi yi wa amfani.

Saran maciji ne ya fi ɗaukar lokaci, don lokacin noma da girbi ba mu rabuwa da kububuwa. Mu dai mun san a ɗaure da igiya tamau, a tsaga, a tsotse, a manna baƙin dutse. Ya ce duk a bari. Dafin kububuwa jini yake hana daskarewa, ka tsaga wurin ka buɗe ƙofar da ba za ka iya rufewa ba, ɗaurin kuma yakan kashe ƙafar. A cire zobe ko abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗaure ƙafar jikin sanda kamar mai karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutum zuwa inda ke da allurar dafi. Ya ce a Kaltungo ta jihar Gombe asibiti guda aka ware don wannan ciwo saboda yawansa. Wanzami bai ji daɗin wannan ba, don tsagar aikinsa ce. Ya jinjina kai ya ce zai yi tunani. Ban ga laifinsa ba, ba a raba mutum da abin da ya gada a zama ɗaya.

Amma ni shawarar da na ba yaron ita ce kada ya sa danna ƙirji a gaba. Na san shi ne abin burgewa, shi ake gani a fim. Sai dai a ƙasashen da aka tsara shi, mai dannawa yana riƙe rai ne na 'yan mintuna kafin motar asibiti ta iso da na'urar da ke ba zuciya wuta ta tashi. Mu wace mota za mu jira? Babban ciwo sai Dutsin-Ma, in ya gagara sai Katsina, a kan babur, majiyyaci a tsakiya, ɗaya na tuƙi ɗaya na tallafe. Ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu ta Katsina, har da Safana da Batsari, muka yi watanni ko kiran ɗan'uwa ba ka iya yi, balle kiran agaji. Wanda zuciyarsa ta tsaya don tsufa ko hawan jini, da wuya hannu kaɗai ya dawo da shi a irin wannan nisa. Ya gaya wa ɗalibansa haka tun ranar farko, kada wani ya danna ƙirjin mahaifinsa har ya gaji, rai ya yi halinsa, ya koma yana zargin kansa ko yana cewa an cuce shi kuɗin koyo.

Abin da ke ɗauke mana mutane da sauran kwanansu a ido shi ne jini. Mu da ke gefen dajin Rugu ba sai an yi mana bayani ba. Mun ga harbi, mun ga sara, ga haɗarin babur, ga kaifin lauje da gatari. Mutum ya samu rauni a cinya ko a dantse, ana ta salati, ana neman mai babur, ana zuba ƙasa ko garin ganye a kan ciwon, jini yana tafiya. Kafin a kai rabin hanya ya yi fari fat. A nan ne hannu ke da iko sosai. Yaron ya karɓi rawanin wani ya nuna mana: a dunƙule tsumma a danna a kan ciwon da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe, in ya jiƙe a ƙara wani a kai. In jinin tsartuwa yake a hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a samu ƙyalle mai faɗi, ba igiya ko waya ba, a ɗaura sama da ciwon, ba a kan gaɓa ba, a sa guntun sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaura don a gaya wa likita, kuma kada a kwance a hanya. Wannan ɗaurin na jini ne, ba na maciji ba, ya nanata har sau uku. Rawani, kallabi, zane, sanda, ba abin da babu a jikin mutanenmu ko a gonakinsu.

Wani ya kawo abin da ke hana mutane ɗaukar wanda aka harba, wato tsoron kada a riƙe ka a ce kai ma sai ka yi bayani. Yaron ya ce akwai dokar tarayya ta 2017, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, da ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi. Rabin majalisar ba su taɓa ji ba. Na ce masa wannan ma ya sa a cikin darasi.

Sai maganar wa zai biya. Manomi ɗaya ba zai ciro kuɗi a aljihu don wannan ba, musamman a bazara, amma mu mutane ne masu ƙungiya. 'Yan acaba suna da tasu, kuma su ne motar asibitinmu ta gaskiya, su ya kamata a fara da su. Akwai direbobin tasha, akwai masu kemis, akwai malaman firamare da na Islamiyya da ke tsare da yara ɗari-ɗari. Akwai 'yan sintiri, da matasan rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. Su kansu 'yan agaji za su so ƙari, kuma in ya yi hankali da su zai fara, ya rage musu kuɗi, don kada su ɗauke shi kishiya. Kowace ƙungiya ta cire daga asusunta, ta turo mutum goma. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo tiyar gero da kaka. Ya kuma haɗa 'yar jaka mai bandeji da auduga da safar hannu da almakashi ya riƙa sayarwa, a rataya a babur. Ribar ma mai yiwuwa a nan za ta fi fitowa.

Mai kemis ɗin da yake taya zama ya ƙara da nasa. Ya ce kada ya soma sai ya je ofishin Red Cross a Katsina ya samu horon mai koyarwa da takardar shaida, don ƙungiyar tana da dokar da ta kafa ta tun 1960 kuma ana ganin girman takardarta. Ya yi wa sana'ar rajista a hukumar CAC. Ya gaida mai gari, ya sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Kuma ya tsaya a kan agajin farko, kada a wayi gari ana kiransa likita yana amsawa, har ya kai ga ɗinki da ƙarin ruwa a ɗaki. Wannan gargaɗi na ƙarshe ni ma na jaddada shi, don mun san yadda muke, da mun ga mutum da safar hannu mun ba shi asibiti.

Liman bai ce komai ba sai da aka kusa tashi. Wani ya tambaye shi ko danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya ba jayayya da ƙaddara ba ce. Ya ce wanda kwanansa ya ƙare ba hannun da zai dawo da shi, wanda kuma yake da saura, ƙila hannunka ne sababin da Allah ya tanada, kai kuwa ba ka san wanne ne a gabanka ba. Ya tuna mana da Rufaida al-Aslamiyya, sahabiyar da ke da tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, wadda aka kai wa Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Ya ce abin da shi yake so a duba shi ne saurin da muke yi wajen ja wa mutum mayafi. A tabbata tukuna.

Da na shiga gida da daddare na ba uwargida labari, sai ta ce duk mun yi zancenmu na maza mun bar inda abin yake. Wa ke gida lokacin da yaro ya jawo tukunyar koko? Wa ke wurin in ya haɗiyi ƙwallon goruba ko kwabo ya tsaya masa a wuya? Wa ke ɗakin haihuwa in jariri ya faɗo bai yi kuka ba, ana kaɗa masa tasa a kunne, ana yayyafa masa ruwan sanyi, alhali tsane shi da goga bayansa ya kamata a fara yi? In jini ya ɓalle wa mai jego, mu maza muna zaure muna jiran a ce mu nemo babur. Ta ce kuma ba mijin da zai bar saurayi ya shigo ya kama hannun matarsa yana nuna mata tsakiyar ƙirji. Sai ya nemi mace, ko ƙanwarsa da ke karatun ungozoma a Malumfashi in ta zo hutu, ta riƙa bi gida-gida ko ta same su a Islamiyyar matan aure. Kuɗin kuwa ba matsala, in ji ta, masu adashi za su ware kwasa guda.

Washegari da safe na aika a kira yaron na faɗa masa. Ya rubuta a bayan wani kwalin magani. Ya ce Asabar mai zuwa zai fara da 'yan acaba goma sha biyu a makarantar firamare, shugaban makaranta ya ba shi aron aji. Buhu ɗaya ba zai ishe su ba, yana neman jarkoki uku. Mai shayi ya ce yana da biyu na man gyaɗa da suka huje a gindi, in za su yi. Yaron ya ce a'a, Kawu, sai wadda ba ta fitar da iska. Mai shayi ya leƙa ƙarƙashin teburinsa, ya jawo wadda yake ajiye ruwa, ya juye ruwan a tukunya, ya miƙa masa.